Asalin Miyar Dage-dage: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

A Matsinkai da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, da wuya a yi biki ko suna ba a ɗora tukunyar miyar dage-dage ba. Yaran yanzu sun taso sun tarar da ita, har suna zaton tun kaka da kakanni ake yin ta. Alhali kuwa manyan kayan haɗinta biyu, wato tumatir da barkono, baƙi ne daga nahiyar Amurka, can ƙetaren Tekun Atlantika.

Mutanen Aztek na ƙasar Meksiko sun daɗe suna noma su kafin Turawa su san da nahiyar. Sa'ad da Turawan Sifen suka ci babban birninsu da yaƙi cikin 1521, sun tarar ana sayar da wata irin miya a kasuwa wadda ake yi da niƙaƙƙen tumatir da barkono. Har yau kuwa mutanen Meksiko suna yin irinta, su tsoma gutsattsarin gurasar masara a ciki. Sunan tumatir ma daga harshensu ya fito, ya bi ta bakin Sifaniyawa da Ingilishi kafin ya iso Hausa.

Barkono ne ya fara isowa. Jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka yi arewa da shi. Kafin zuwansa, masoro da citta da kimba su ne yajin miya, daddawa ke ba ta ɗanɗano, kuka da kuɓewa kuma su ne masu gida. Shi tumatir bai bazu sosai ba sai zamanin mulkin Turawa, sa'an nan ya ƙara bunƙasa da yaɗuwar noman rani a fadamu.

Da ma ƙasar Kebbi ƙasar shinkafa ce da kifi da albasa. Da tumatir ya samu shiga, sai matan yankin suka soya shi da man gyaɗa ko manja, suka jefa kifin Kogin Kwara a ciki, abin ya dace da shinkafa ƙwarai. Daga baya tumatirin gwangwani da dunƙulen magi suka shigo, har daddawa ta fara ja da baya a wasu gidaje.

To, amma fa miyar da ta dogara ga tumatir tana tare da wahalarsa. Da kakarsa yakan yi arha har ya ruɓe a kwando, sai wanda mata suka yanka suka shanya ya zama kauɗa. Da damina kuwa sai ya gagari talaka. Cikin 2016 wata tsutsa, wadda ita ma asalinta Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabo a duk ƙasa.

Saboda haka ya kamata hukuma ta taimaka wa manoman rani da ingantaccen iri, da maganin ƙwari, da wuraren adana amfanin gona, don kada guminsu ya tafi a banza. Su kuma matan aure kada daɗin jar miya ya sa su manta da kuka da daddawa, domin ranar da tumatir ya yi tsada, su ne ke rufa wa gida asiri.