Kare da Kyanwa a Ƙafar Bene: Saukowa Ce Mai Haɗari

'Yan'uwa, da yawanmu yanzu a gidan bene muke zaune, da kare mai gadi da kyanwa mai maganin ɓeraye. Sai dai ƙafar benen nan da muka shimfiɗa wa tayil don ado, tarko ce gare su.

Ga dalili. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin kare yana kan ƙafafunsa na gaba ne. In zai sauko, nauyin sai ya ƙara rinjaya gaba, ga tayil da santsi, farce ba ya kama komai. Shi ya sa saukowa ta fi hawa haɗari.

Kyanwa kuwa, mun saba cewa kullum a kan ƙafafunta take dira. To, ba kullum ba. Ɗan kyanwa sai ya kai kamar mako 7 kafin ya iya juya jikinsa sosai a iska, tsohuwa kuma gaɓoɓinta sun yi tsami. Haka kwikwiyo: wani bincike na ƙasar Norway da aka buga a 2012 ya nuna hawan bene kafin wata 3 yana ƙara haɗarin lalacewar ƙugu.

Me za mu yi? Mu manna guntun darduma ko roba a kowane mataki, mu kafe shi da kyau. Mu sa 'yar ƙofa sama da ƙasa. Mu toshe tsakanin ƙarafunan gefe da raga. Mu bar fitila da dare, don tsohon kare idonsa ya rage gani. In an yi wanke-wanke, a jira wurin ya bushe. Mu ma ai mun tsira, don dabbar da ke kwance a mataki cikin duhu tana iya kayar da mai gida.

In ta riga ta faɗo fa? Mu ɗaure wa kare baki da tsumma kafin mu taɓa shi, don zafin ciwo yana sa ya ciji ko ubangidansa. Kada mu ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ko da ta miƙe tana tafiya, mu kai ta wurin likitan dabbobi, domin raunin ciki ba ya nunawa nan take.

Dabbar da muka ajiye amana ce a wuyanmu. Allah ya kiyaye.