Ko ka sani? Tsumma busasshe na cin fentin mota fiye da yadda ake zato

Duk wanda ya san Wagadugu ya san jar ƙurar garin. A wanke mota da safe, kafin la'asar ta sake yin ja. Shi ya sa direba ba ya rabuwa da tsumma: da ya tsaya sai ya hau goge bonet. Nan ɓarnar take farawa.

Fentin motar zamani hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai na sama wanda ba shi da launi, shi ne mai ƙyalli. Wannan na saman bai kai kaurin silin gashin kai ba. Ita kuwa ƙura, ta titi ce ko ta hunturu da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana ɗauke da ƙwayoyin da suka fi fenti tauri. Idan aka murza ta a bushe, sai ta bar ƙananan zane. Duba baƙar mota da tsakar rana, za ka ga zanen sun yi da'ira-da'ira a inda haske ya sauka.

Rana ce ke ƙarasa aikin. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, haskenta kuma yana cin hawan saman har ya dusashe. Shafa tafin hannu a rufin tsohuwar tasi, irin korayen nan na Wagadugu: farin garin da ya biyo hannunka fenti ne da ya mutu.

Don gyara da kare fenti ana shafa folish da kaki, amma ba aikinsu ɗaya ba. Folish kankare mataccen fenti yake yi, don haka kowane shafi yana rage kauri. Kaki kuwa rufi ne da ke karɓar wahalar a madadin fenti. Wanda ya fi suna, carnauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil. A busar da ganyen, a kakkaɓe garin, a narka. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, alhali kakin zuma tun wajen 62 ya saki. Omo yana wanke shi tas, abin da masu wankin mota da yawa ba su kula da shi ba.

Gwada ko kaki na nan ba wuya. Watsa ruwa a bonet: in ya dunƙule ya gangara, kaki na nan, in ya baje, ya ƙare. Malam direba, a fara kwarara ruwa kafin soso ya taɓa jiki, a yi wanki a inuwa, a shafa kaki kafin hunturu ya shigo.