Ɗan daudu, shaidu huɗu da kotun bakin tasha

Duk wanda ya yi wayo a Gusau kafin shekarar 2000, kuma ƙafarsa ta saba da tasha, ya san rumfunan abincin 'yan daudu. Direbobin manyan motoci da suka taso daga Funtuwa suka ratso Tsafe, da waɗanda suka gangaro daga Sakkwato ta Mafara da Bunguɗu, sun san wanda miyarsa ta fi daɗi, sun kuma san wanda ke ba da bashi. Ina yaro akan aike ni da kwano wurin wani dattijo daga cikinsu, mai ɗaura zani a kan wando, tawul a kafaɗa, baki kamar reza wajen habaici. Da an kira salla sai ya rufe tukunya, ya kwance zanin, ya shiga sahu, ba wanda ya ce masa ya matsa. Ana yi masa dariya, yara kan bi shi da tsokana, babu kuma mai fatan ɗansa ya gaje shi. Duk da haka ana cin tuwonsa, kuma idan biki ya tashi a gidan mai hali shi ake kira ya tsaya kan tukwane. Matsayi ne na ƙasa-ƙasa, amma yana da wurin zama a cikin gari.

A bakin mutanen yau, abubuwa uku sun cakuɗe sun zama ɗaya. Akwai ɗan daudu, namiji mai magana da motsi irin na mata, wanda sana'arsa galibi girki ce da hidimar biki, da can kuma har da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Akwai wanda ke neman jinsinsa, namiji ko mace, wanda sau da yawa ba abin da zai nuna shi a fuska ko a tafiya. Sai kuma mai yi wa yaro fyaɗe, azzalumin da kowace doka ta duniya ta yarda a hukunta shi. Ba'amurken nan masanin harshe, Rudolf Gaudio, wanda ya daɗe yana zama da 'yan daudun Kano ya kuma wallafa littafi a kansu a 2009, ya nuna cewa da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, wasu alhazai ne, kuma su kansu suna bambanta daudanci da abin da suke kira harka, wato neman jinsi. Kalmar daudu ma ba baƙuwa ba ce. Daudu laƙabi ne na Galadima a sarautun Hausa, kuma 'yan daudu sun daɗe suna raɓe da 'yan bori. Wanda ya ce Turawa ne suka kawo mana su, sai ya faɗa mana da wane jirgi.

Abin da Turawa suka kawo tabbas shi ne sashen doka. Kundin Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960 an kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860, wanda Ingilishi suka rubuta. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan saduwar da ya kira ta saɓa wa ɗabi'a. Sashe na 405 kuwa ya saka namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Shekara arba'in dokar tana nan, dattijon tasha yana tuƙa tuwonsa.

Sai ranar 27 ga Oktoba, 1999, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a dandalin Ali Akilu da ke Gusau, gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba. Kundin hukunce-hukuncen ya fara aiki a 27 ga Janairu, 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Kundin na Zamfara ya auna luwaɗi da ma'aunin zina: bulala ɗari da ɗaurin shekara ɗaya ga wanda bai taɓa aure ba, jefewa ga wanda ya yi. Maɗigo kuma bulala har hamsin da ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Aka rufe mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, to da yake rumfar ɗan daudu a jikin waɗannan gidaje take jingine, da bango ya faɗi sai ya danne ta. Wasu suka tsallaka Maraɗi da Ƙonni, wasu suka nufi garuruwan da ke kewaye da Abuja. Waɗanda suka je Maraɗi ma ba su sha da daɗi ba, don a Nuwambar 2000 masu zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen mata da gidan shugabar 'yan bori na garin.

Ga inda nake so mai karatu ya ɗan dakata. A watan Satumbar 2000 kotun shari'a ta Tsafe ta yanke wa wata yarinya, Bariya Magazu, bulala ɗari saboda an same ta da ciki ba aure. Ta ambaci maza uku, suka musanta. Da ta kasa kawo shaidu sai kotu ta ƙara mata bulala tamanin na ƙazafi. Daga baya an janye tamanin ɗin, aka yi mata ɗarin a Janairun 2001, duniya ta yi ta surutu, ni ma ina cikin waɗanda hukuncin bai kwanta musu ba. Amma dubi abin da kotun ta faɗa wa mutanen Tsafe a ranar: sunan namiji yana da tsada, ba a jifansa da alfasha sai da shaidu huɗu da suka gani da ido. Wannan ƙa'ida tana cikin Suratun Nur, kuma malaman Malikiyya sun ce jifan mutum da luwaɗi ƙazafi ne kamar jifansa da zina. To bulala nawa ke kan majalisar masu shayi da ta kwana tana cewa wane ɗan luwaɗi ne don an ga yana karya wuya idan yana magana? Ƙa'idar da ta kare maza uku daga bakin yarinya, me ya hana ta kare mai soya ƙosai daga bakin unguwa?

Tarihin kotunan ma ya nuna nauyin wannan sharaɗi. Tun daga 2000 an yanke hukuncin jefewa a wasu jihohin Arewa, kan zina da kan luwaɗi, amma ba a zartar da ko ɗaya ba. A Bauchi wani da aka yanke wa jefewa a 2003 ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta sake shi a 2004. A 2007 aka kama mutum 18 a wani otal a Bauchin aka ce ɗaurin auren maza suke yi, da aka zo gaban alƙali tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. Shari'a ta ɗora hukunci mai tsanani, ta kuma kewaye shi da katanga mai tsawo: shaidu huɗu adilai, ko iƙirarin da mutum ya yi da bakinsa ba tilas, wanda kuma yana da damar janyewa. Jama'ar gari ne ba su da haƙurin katanga.

An ga haka ƙarara a Janairun 2014. A ranar 7 ga watan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiya, ko ya nuna irin wannan soyayya a fili. Ba a ji wani ya kai goro gaban liman a Bunguɗu yana neman a ɗaura masa aure da ƙato ba, amma dokar ta zama kamar an busa ƙaho. Kafin watan ya ƙare, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu, suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Mutanen da suka ce kishin shari'a ya fito da su, su ne suka jefi zauren alƙali. Daga nan kame ya zama ruwan dare: mutum 53 a Zariya a 2017, 19 a Kano a ƙarshen 2022, 76 a Gwambe a 2023, kusan kullum da labari iri ɗaya, wai an tarar ana bikin aure. A Legas an gurfanar da mutum 47 ƙarƙashin dokar, a Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar don masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. Amma kafin nan an riga an jera su gaban kyamara, fuskokinsu sun zaga wayoyi. Kotu na iya sallamar mutum, Facebook ba ya sallama.

Hukuncin da ya fi yawa ba ya ma kaiwa ga 'yan sanda. Mai gida ya ce a kwashe kaya kafin magariba. Maigidan shago ya sallami yaron da ya shekara biyar yana koyon ɗinki. Uba ya yi rantsuwa cewa ba shi ba ɗansa, uwa ta riƙa aika masa da abinci a ɓoye ta hannun ƙanwarsa. Yarinyar da aka zarga a makarantar kwana a kore ta, a yi maza a aurar da ita ga wanda ya samu, don a toshe bakin mutane. Wasu ɓata-gari kuma sun mayar da abin sana'a: su yaudari mutum ta waya, su ritsa shi a ɗaki, su ɗauki hotonsa, su yi ta tatsarsa, sun san ba zai kai ƙara ba. Kuma duk wannan a kan wa yake sauka? Kowa a garin nan ya san ana raɗe-raɗin wasu masu manyan riguna, ana kuma durƙusa musu a gaishe su. Mai katanga da maigadi asirinsa a rufe yake. Talakan da ke haya a ɗaki ɗaya, muryarsa siririya, shi ne abin nunawa da yatsa, ko ya aikata ko bai aikata ba.

Cakuɗa sunayen nan yana cutar da yara ma. Idan aka yi wa yaro fyaɗe, iyaye kan gwammace su yi shiru don kada a liƙa wa ɗansu sunan da zai bi shi har kabari, azzalumin kuma ya samu hanyar sulalewa.

Akwai kuma lissafin asibiti, wanda ba ruwansa da ra'ayin kowa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau kashi 1.4 ne cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49. A tsakanin maza masu neman maza kuwa, binciken 2014 ya samu kusan kashi 23. Wani nazari da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa bayan sa hannu kan dokar, masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun tashi daga kashi 25 zuwa 38. A ƙasar Hausa, inda da wuya namiji ya kai shekara arba'in bai yi aure ba, mutumin da tsoro ya hana shi gwaji yana da mata a gida, matar kuma tana da goyo.

Na san abin da za a ce: malam, kana kare haram ne? Hukuncin aikin a littattafan fiƙihu sananne ne, Risala da Muhtasar suna nan a kowace makarantar zaure, ko da yake Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan ta'aziri ne ba haddi ba. Abin da nake tambaya shi ne wa ya ba ni da kai izinin zartarwa. Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Da Ma'izu ya zo da kansa yana iƙirarin zina, Annabi (SAW) ya yi ta kawar da kai, daga baya kuma ya nuna wa wanda ya tura shi cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wani mai kamanta kansa da mata, ya sa lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi Annabi ya hana saboda mutumin yana salla. Imamu Nawawi kuma, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Malaman da suka rubuta haka ba su san wata ƙungiyar Turai ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sassa na 34 da 36 da 37, ya kare mutuncin ɗan ƙasa da sirrinsa, ya kuma ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar.

Mu Zamfarawa bai kamata a yi mana dogon bayani kan hukuncin zato ba. Mun ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa tare Bafulatani a kasuwa don kamanninsa kawai, mun kuma ga abin da ya biyo baya a dazukan Tsafe da Maru da Zurmi. Mun ga Talatar Mafara a Agustan 2016, inda zargin ɓatanci ya ci ran mutum takwas. Taron da ya koyi cewa yana iya yanke hukunci da kansa ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, gobe wani zargin zai samo.

Dattijon nan na tasha ya bar Gusau ana cikin hayaniyar 2000. Babu wanda ya kai shi kotu, babu wanda ya taɓa kama shi da komai. Mai filin ne ya ce yana bukatar wurinsa, masu sayen tuwo kuma suka fara jin kunyar a gan su zaune a bencinsa. Na ji ya koma wani gari a hanyar Abuja, can ya rasu, abokan sana'arsa suka yi masa sutura. Kwanakin baya na bi ta wurin, wani saurayi mai POS ne a rumfar. Na tsayar da mai Keke Napep, yaron da ba a haifa ba lokacin da aka tashi dattijon, na ce ya kai ni wani shago a bayan tasha. Ya tambaye ni ko kafin a kai rumfar Baba mai tuwo ne ko bayan an wuce ta.