Ramen: Taliyar Leburori Da Ta Zama Tauraruwar Fim A Japan

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Kano ko Zariya yana jiran a dafa masa Indomie da ƙwai, to ya ɗanɗani jikanyar wani abinci da Japanawa ke kira ramen, wato taliyar alkama a cikin romo mai zafi.

Daga ƙasar Sin wannan taliya ta shiga Japan. Ta kuma yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake fama da ƙarancin shinkafa, Amurka kuma tana shigar da garin alkama. A 1958 ne Momofuku Ando ya ƙirƙiro busasshiyar taliya mai saurin dahuwa, wadda daga irinta aka samu Indomie ta Indonesiya. To sai dai an daɗe ana ɗaukar ramen a matsayin abincin leburori da ɗalibai.

Wannan abincin da aka raina shi ne darakta Juzo Itami ya gina fim ɗinsa na barkwanci a kansa, mai suna Tampopo, a 1985. Matarsa, Nobuko Miyamoto, ta fito a matsayin wata mace da mijinta ya rasu ya bar mata ɗa da shagon taliyar da ba ya ciniki. Wani direban babbar mota mai hular kaboyi, Goro, ya ɗanɗana girkinta, ya kuma amince ya horar da ita. Har kwandon sharar wani shagon suka bincika don gano sirrin romonsa.

Abin dariyar shi ne yadda ake girmama kwanon taliya, inda wani dattijo ke koya wa saurayi ya fara ƙare masa kallo cikin ladabi kafin ya kai baki. Amma a ƙarƙashin raha akwai batun neman abin rufin asiri, domin matar ba ta samu natsuwa ba sai ranar da masu horar da ita suka shanye romon tas.

A 1994 aka buɗe gidan tarihin ramen a Yokohama. Sai dai Musulmin da ya je Japan zai so ya tambaya kafin ya ci, domin galibi da ƙashin alade ake haɗa romon.