Motsin da na riƙa ji a cikin bangon ɗakina

 Yau ba zancen lalle ko girki na zo muku da shi ba. Wani abu ne da ya same ni ina amarya, wanda har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ni haifaffiyar birnin Kano ce, aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, can gaba da Bagauda da madatsar ruwan Tiga wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga mu sai dajin Falgore. Ɗakina ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, a bayan gado kuma aka jibge mini buhunan gara, shinkafa da masara da gyaɗa.

Ban yi sati biyu ba na fara jin ƙaraf-ƙaraf a cikin bango da daddare. Na daure na ce da surukata, "Inna, ni fa ina jin motsi a bango." Ta yi dariya ta ce, "Haba 'yar nan, ɓeraye ne, wane gida ne babu su?" Kunya ta kama ni, kada a ce 'yar birni ta cika tsoro, sai na ja bakina na yi shiru. Da damina ta kankama, motsin ya ɗauke ɗif. Ni kuwa har murna nake, ashe wanda ya fi ɓera ne ya tare a ramin.

Ran nan da safe ƙanwar maigidana, 'yar aji biyar a firamare, ta sunkuya za ta share mini bayan gado. Sai ihu! Kumurci ne ya fasa kai daga ramin ya fesa mata dafi a ido. Mata suka cika ɗakin, wannan ta ce a kira mai magani, waccan ta ce a shafa kaza. Allah ya kawo wata maƙwabciyarmu malamar asibiti, ta ce, "Ruwa kawai!" Buta bayan buta aka yi ta kwarara mata a ido, sannan aka garzaya da ita asibiti. Allah ya rufa asiri, idon bai mutu ba.

Da maza suka fasa gindin bangon, sai ga hanyoyin ɓera kamar lungunan cikin birni, ga ɓawon gyaɗata, ga saɓar maciji. A nan na gane karatun: maciji ba mu yake nema ba, ɓera yake bi, ɓera kuma hatsi yake bi.

To, 'yan mata, ku riƙe wannan. Kada ku kwana da buhun hatsi a ɗaki, a zuba shi a mazubi mai murfi. Duk ramin da kika gani, a toshe shi da siminti, amma ke dai kada ki zura hannu. A nisanta itacen girki da ciyawa daga jikin bango, da dare kuma a fita da tocila. Shi kansa ɓeran ba abin raini ba ne, ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu.

In kuwa sara ne, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana mutum yawan motsi, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Ni dai kunyata ta kusa jawo wa yarinya makanta. In kin ji motsi a bango, 'yar'uwa, ki faɗa, ki sake faɗa, har sai an duba. Allah ya tsare mu, amin.