Idon da ba ya barci a ƙofar gida

A unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na birnin Maraɗi, mai tafiya da dare yakan ga wani ɗan jan haske bisa katangar wasu gidaje da kantuna. Kamara ce ta tsaro. A da sai bankuna da manyan ma'aikatu ke da ita. Yau ƴan kasuwa da ma'aikata na sawa a gidajensu, domin kayan ƙasar Sin, irin su Hikvision da Dahua, sun sauke tsadarta. Fashi da satar mutane da suka addabi karkarar Madarunfa da Gidan Runji, musamman tun shekarar 2019, sun ƙara sa mutane neman abin da zai gane musu ƙofa.

Kayan ba su da yawa: kamarori, akwatin da ke ajiye hotuna, waya, da allon kallo. Akwati mai ma'ajiyar tera 1 yakan riƙe hotunan kamara 4 na kusan mako 1 zuwa 2, sa'an nan sabo ya shafe tsoho. Wanda aka yi wa sata kada ya yi jinkirin kwafe hoton kafin ya kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma. A kafa kamara a tsawon mita 3, inda hannu ba ya kai. In ta wuce haka ƙwarai, hula da rawani kawai za ta ɗauka. Kada ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, kuma a riƙa goge gilashinta lokacin hunturu, don ƙura na makantar da ita. Shi ko akwatin, a ɓoye shi a ɗaki mai iska. Ɓarawon da ya tafi da shi ya tafi da shaida duka.

Babbar matsala ita ce wuta. Lantarkin Maraɗi daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023 aka yanke shi saboda takunkumin CEDEAO, bai dawo ba sai Maris na 2024. Ko ba wannan, ɗaukewar wuta lokacin bazara ba baƙon abu ba ce, ɓarawo kuwa duhu yake jira. Tun da yawancin kamarori da bolt 12 suke aiki, batir da allon hasken rana sun isa su riƙe su har wayewar gari. Wannan ya fi dacewa a Tibiri, fadar Sarkin Gobir, da kuma Jiratawa, inda manoman rani ke da injinan ban ruwa da rumbuna nesa da ɗakin kwana. Akwai kamara mai ɗauke da nata allon rana da gurbin katin talho, tana aiko hoto ta layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Amma tana cin kuɗin intanet, kuma inda layi ba ƙarfi hoton yana yankewa.

Kamarar da aka haɗa da intanet ƙofa ce ita ma. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban na'urori a duniya, har da kamarori, don masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita ba. Mai gida ya canza lambar da hannunsa bayan mai haɗa kayan ya tafi.

Saura zancen maƙwabta, wanda ya fi na waya nauyi. Gidan Bahaushe yana da zaure domin baƙo ya tsaya a nan, idonsa bai kai ga iyali ba. Kamarar da aka ɗora bisa bene tana iya leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda mata ke daka da wanki ba lulluɓi. Wannan cin mutunci ne, kuma doka ta shigo ciki: dokar 3 ga Mayu 2017 ta kafa hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, aka sabunta ta da dokar 16 ga Disamba 2022, hoton fuskar mutum kuwa yana cikin bayanan da ake karewa. Watsa hoton wanda ake zargi a WhatsApp na iya jawo wa mai gida shari'a, ko ya sa a doki marar laifi. Kafin a ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya kamata mai gida ya kira maƙwabcinsa, su dubi allon tare, a karkata kamarar har sai ƙofa da katangar gidan kaɗai suka rage a ciki.