Shin akwai ƙarfe a cikin maganin da kake sha?

Wataƙila ka taɓa jin ana cewa da ƙarfe ake haɗa magungunan asibiti, har hankalinka ya tashi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta kai ka ajiye maganinka ba.

A cikin sinadarin magunguna da yawa, ƙwayoyin zarra kan jeru ne kamar zobe, a cikin zoben kuma akwai naitirojin. Haka Flagyl yake, da amodiaquine na zazzaɓin cizon sauro, da isoniazid na tarin tibi, da losartan na hawan jini. Hatta sinadarin da ke hana barci a cikin goro irin wannan zoben gare shi. Wani bincike na 2014 ya gano cewa kashi 59 cikin 100 na magungunan sinadari da hukumar FDA ta Amurka ta amince da su suna ɗauke da shi.

Haɗa waɗannan zobba da sauran sassan magani yana da wuya. Shi ya sa masana'antu ke sa ɗan ƙarfe kaɗan, kamar faladiyom ko tagulla. Aikinsa irin na dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, amma ba ya zama cikin kayan. A 2010 aka ba Richard Heck da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki kyautar Nobel saboda wannan dabara ta faladiyom, kuma hanyar Suzuki na cikin waɗanda ake bi wajen haɗa losartan.

Bayan an gama, ana tace ƙarfen, a auna abin da ya rage. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce kada faladiyom ɗin da mutum zai haɗiya ta magani ya wuce maikirogiram 100 a rana, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na giram.

Haɗarin yana ga jabun magani, wanda babu mai auna abin da ke cikinsa. Ka sayi naka a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka guji na talla da rana ta daka. Kada ka daina shan maganin hawan jini saboda jita-jita, domin hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan kana da shakka, ka ɗauki kwalin ka nuna wa likitanka.